Akushin da Maharazu Ya Ƙi Taɓawa

Ranar da Maharazu ya fara ganin Husaina, hannunsa dumu-dumu yake da miyar kuɓewa, a bayansa kuma ana ba hammata iska.

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba. 'Yan siyasa sun dawo da surutunsu, samari sun cika gari ba aikin yi. Gwaggo Kulu mai tuwo tana da rumfa a Ƙofar Na'isa, mijinta ya rasu ya bar ta da 'yarta Husaina. A rumfar akwai wani akushi da ta gada wajen uwarta, girmansa ya isa a yi wa jariri wanka a ciki. Sharaɗinta ɗaya ne: duk wanda ya cinye tuwon dawa cike da shi kafin tukunyar ruwa ta tafasa, zai ci kyauta har wata ya mutu. Ƙarti sun sha zuwa suna fita da rarrafe.

Maharazu ɗan Madabo ne, siriri kamar kara, sana'arsa zama ƙarƙashin lema da wayoyin salula mutane suna zuwa bugawa. Ya zauna ya share akushin, ya suɗe shi tas, ruwa bai ko fara motsi ba. 'Yan kallo da suka yi musu a kansa suka kaure da faɗa, har aka fasa wa wani baki da benci. Shi ko waige bai yi ba, don Husaina ta kawo masa ruwan wanke hannu, ta tambaye shi ko a ƙaro. Ya ce in ita za ta kawo, ko tsakuwa ce a ƙaro. Kulu tana bakin murhu ta ji, ta kuma ga 'yarta ta ja mayafi tana dariya. Abin bai yi mata daɗi ba.

Daga nan ƙungiyar maciya ta ɗauke shi. Ƙungiya ce ta samarin unguwanni, da dokokinta kamar na gwamnati: ba shan ruwa sai an gama, ba tashi daga tabarma, hannu ɗaya ake sa wa, wanda ya yi amai ya faɗi. Shugabanta Ashafa, tsohon ɗan daba ne da ya samu gindin zama wajen wani kansila. Ya taɓa neman Husaina ta ce masa a'a a gaban yaransa, bai kuwa manta ba.

Wata rana Kulu ta sa hannu a buhun kuka ta ciro wayar salula da Husaina ta ɓoye a ciki. Ita ba ta yi boko ba, don haka ta riƙe kunnen Husaina ta ce ta karanta mata abin da ke ciki, in ta tsallake kalma ɗaya ba ta yafe ba. Husaina ta karanta:

“Husnata, jama'a suna cewa ba na ƙoshi. Ba su san tun ranar da kika zuba mini ruwa a hannu ba na son komai a duniya sai ke ba. Ki ba ni izini in turo manya. Naki, Maharazu.”

Kulu ta ce ta karanta amsar da ta ba shi. Husaina ta sunkuyar da kai.

“Mai akushina, turo. Amma Inna wuta ce, ka zo da haƙuri.”

Mari ya sauka kafin ta rufe baki. Kulu ta ɗaga murya yadda layin gaba ɗaya ya ji. “Mutumin da yake wangale baki a gaban gari yana ɗura tuwo kamar rijiya, wace kunya gare shi? A gidanmu suruki ko ruwa ba ya sha a gaban uwar matarsa. Ubanki har ya koma ga Allah uwata ba ta taɓa ganin loma a bakinsa ba. Ba zan ba wannan 'yata ba.”

Manya suka zo, ta mayar da su da goronsu. Daga ranar Maharazu ya daina cin abinci a rumfarta. Sai ya zo ya cire takalmi daga nesa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya wuce. Kulu ta ɗauka fushi ne, ta ce ya yi ta yi. Da yaran Ashafa suka karya masa lema suka tsaga masa hannu da wuƙa, ta ce harkar 'yan tasha ce, ba ruwanta. Husaina kuwa ta rame har awarwaro yana zame mata.

Ana nan kansila ya sa babur a gasar ƙarshe, Madabo da Shahuci, a rumfar Kulu. Da safiyar ranar Ashafa ya ƙaro doka: mai girki za ta zauna a kujera tana fuskantar maciya, ita ce shaida. Kulu ta ji daɗi, ta ɗauka girma aka ba ta, har ta sake ɗaurin ɗankwali. Ba ta san mugun ya ji maganarta ta ranar mari ya ajiye ba.

Da la'asar layi ya cika. Aka ajiye wa Maharazu akushin gado, aka ajiye wa ɗan Shahuci wani. Maharazu ya ɗago ya ga Kulu a gabansa, sai ya roƙi a rataya zane tsakaninsu, ko a bar shi ya juya baya. Ashafa ya ce doka ba ta san wannan ba, ya busa usur.

Ɗan Shahuci ya dira wa tuwo. Maharazu ya ɗora hannuwansa a gwiwa, ya sunkuyar da kai. Tururi yana tashi yana dukan fuskarsa, bai motsa ba. Samarin unguwarsu suka fara kiran sunansa, daga kira suka koma zagi.

Ashafa ya sunkuyo yana murmushi. “Ci mana, gwani. Ko an ɗaure maka hannu ne?”

“Ba zan kai hannu baki a gaban Inna ba,” in ji Maharazu a hankali. “Ku ba shi babur ɗin.”

Kulu ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Sai yanzu ta gane takalmin nan da ake cirewa daga nesa ba fushi ba ne.

Wani yaron Ashafa ya yi ihu cewa ya sayar da unguwa. Gora ta farko ta sauka a tsakiyar kansa, jini ya gangaro har cikin miya. Aka rufe shi da sanduna da duka da ƙafa, har da waɗanda ɗazu suke yi masa kirari. Husaina ta keto mutane ta faɗa kansa, gora ta same ta a hannu, aka ji ƙarar ƙashi. Wani ya taka akushin ya rabe biyu.

Kulu ba ta san lokacin da ta zaro muciya daga tukunya ba, da tuwo mai zafi a jikinta. Ashafa ta fara samu, a baki, haƙoransa na gaba suka zube a ƙasa. Ta kamfaci tafasasshiyar miya ta watsa wa mai gorar, ta jawo itace mai ci ta bi sauran har bakin titi, ɗankwali a ƙasa, tana kiransu da sunayen iyayensu, don duk a gabanta aka haife su.

Washegari ta ɗora ɓarin akushin a ka, ta riƙe mayafin Husaina mai jini, ta nufi gidan mai unguwa. Ya ce yara ne, a yi haƙuri. Ta ce ba haƙuri ta zo nema ba. Ta je wajen 'yan sanda, suka ce yaran kansila ne, ta je a sasanta. Ta dawo ta zauna a ƙofar mai unguwa, duk wanda ya zo wucewa sai ta ɗaga masa mayafin. Da abin ya ishe su dattawa suka taru, aka tuɓe Ashafa daga shugabanci, aka soke dokarsa, aka sa shi durƙusa ya nemi afuwa da wawulon bakinsa. Shi ke nan hukuncin. Ba wanda ya kwana a ɗaure, kansilan kuma har yau bai tako ya ce sannu ba. Allah yana gani.

A asibiti Husaina ta zauna gefen gadon Maharazu, hannunta a ɗaure, shi kansa a naɗe.

“Loma ɗaya fa, mai akushina,” ta ce hawaye na zuba. “Da ka ci da ba su taɓa ka ba.”

“Da na ci da na rasa ki, Husnata. Babur kuwa ko'ina akwai shi.”

Sai ga Kulu da kwano a rufe. Maharazu ya yunƙura zai sauko ya gaishe ta, ta daka masa tsawa ya kwanta. Ta ajiye kwanon, ta juya ta fita, ta jawo ƙofa. Daga waje muryarta ta shigo, a dishe.

“Na fita, ka ci. In ka warke ka sake turo mutanen nan, ka ce su zo da goronsu.”

Bayan sallar layya aka ɗaura aure a Ƙofar Na'isa. Wani masassaƙi ya ɗinke akushin da wayar ƙarfe, Kulu ta sa shi a kayan ɗakin 'yarta, ta ce ya gama aikin rumfa. Ranar kai amarya ta dafa kan Husaina ta ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuriya masu kunya irin ta ubansu, ya hore musu hatsin da zai ishe shi. Mata suka amsa da amin suna dariya, sai guɗa ta tashi.

Har yau in Kulu ta je gidan ana cin abinci, Maharazu rufe kwano yake. Ita kuma ba ta daɗewa, don ta san cikinsa.