Kwalbar da Aka Wanke

Da Kawu ya hau ɗakin saman bene da safe, teburi na nan, kujera na nan, rediyon ne babu. Ba na jin labarai ba ne, na kira ne, irin wanda masu sha'awa ke magana da juna daga ƙasa zuwa ƙasa ta gajeren zango. Da azahar za a fara gasar shekara, wanda ya fi samun tashoshi a yini da dare ɗaya shi ya ci. Ita ce kuma gasarsa ta ƙarshe, don an sayar da benen, watan gobe za a sauke eriyarsa daga kan rufi.

Ya kira 'yar ƙanwarsa, Sufeto ce ta 'yan sanda. Ta same shi yana kai da kawowa, hula a karkace, ya dubi agogo ya dubi sama. A cewarsa da la'asar hanyar da muryar rediyo ke bi a iska za ta buɗe har ƙetaren teku, kuma irin wannan buɗewar ba ta jiran kowa.

Sufeto ta ƙyale shi yana mita, ta duba ɗakin. Ba a fasa kwaɗo ba. Wayar nan mai kauri da ke saukowa daga eriya an warware ta a tsanake, an tura bakinta cikin kwalba a kan taga.

Kawu ya ce al'adarsa ce in hadari ya taso, saboda tsawa. Amma jiya gari garau ya kwanta, komai a haɗe ya bari. Ruwan sai da asuba ya sauko.

Ta fara da maigadi. Ya rantse babu baƙon da ya shigo. Ta miƙa masa wasu wayoyi biyu a haɗe, ta ce ya raba su. Ya ja, ya ƙara ja har da nishi, bai san murɗawa ake yi ba. Ta sallame shi.

Na biyu mai kemis ne, abokin Kawu kuma abokin hamayyarsa a kowace gasa, yana da makullin ɗakin. Kawu ya riga ya yanke masa hukunci. Mutumin ya shigo yana haki, idonsa ya faɗa kan taga, ya kwashe da dariya.

"Har yanzu kwalba? Na gaji da gaya masa ba ta tare tsawa. Ni da ƙasa nake haɗa tawa."

"Ina kake da asuba?"

"Kan rufina, ina ɗaure eriyata kada iska ta tafi da ita. Tambayi maƙwabcina, shi ya riƙe mini tsani yana zagina."

Ta buga waya, maƙwabcin ya tabbatar, har ya maimaita zagin.

Lokaci na tafiya, Kawu ya kasa zama. Sufeto ta ɗaga kwalbar ta juya ta a haske. Ɗakin nan ko'ina ƙura, Kawu ba ya bari a share masa, amma kwalbar sai ƙyalli take. Ta shinshina, ƙamshin sabulu.

Ta sauka ƙasa. Inna, matar Kawu, tana wanke-wanke. Ita ce mai cewa kullum ba ta san kan tarkacen mijinta ba, ba ta kuma son sani.

"Inna, ina kika sa shi?"

"Me fa?"

"Ɓarawo yanke waya yake ya gudu. Mai kemis ya raina kwalba. Wanda ya yi wannan ya ji tsawa, ya tsaya ya kare ɗakin yadda Kawu ke yi. Sannan ya ga kwalba da datti, zuciyarsa ta ƙi, sai da ya wanke ta."

Inna ta ajiye soso. Ta ce likita ya gaya mata zuciyar Kawu ba za ta ɗauki zaman dare babu barci ba, shi kuwa ya ce sai ya yi. Tsoro ne ya hana ta barci, ta hau ta ɗauko rediyon. Yana ƙarƙashin gado, naɗe cikin bargo.

Kawu na bakin ƙofa, ya ji komai. Sufeto ta zaci faɗa zai yi. Sai ya matso kusa da matarsa.

"Wa ya koya miki warware wayar?"

"Duk daren da kake can sama, kana tsammani barci nake?"

Mai kemis da ya biyo su ƙasa ya yi gyaran murya, ya ce ai dokar gasa ta ware rukuni na 'yan sa'o'i kaɗan, wanda Kawu ya saba kira rukunin ragwaye. Kawu ya ce a sa sunansa a ciki.

Da la'asar hanya ta buɗe. Muryoyi suka cika ɗakin, Kawu na kira ana amsawa daga nesa. Inna na zaune a gefensa da magani a cinya, tana kallon agogo. Can wata murya ta taso a raunane cikin ƙarar iska, Kawu ya kasa kamawa, ya fara laluben maɓalli. Ba tare da ta dube shi ba, Inna ta ce, "Murɗa hagu kaɗan."