Jar Kazar Katako

Yaya, yau wata biyar ke nan da rasuwarki. Bari in ba ki labarin 'yarki. Kin san ban yi nisa a karatu ba, amma zan faɗe shi yadda ya faru.

Kin tuna teburin nan na ajinsu? Mai gilashi a sama, mai haske daga ciki. Yara suna ɗora masa 'yan katakai, shi kuma ya yi magana. Akwai 'yan tsaki goma na katako da jar kaza guda ɗaya. Da aka kawo teburin, Malama ta ce muryar uwa ake so. Ke kika je aka ɗauki taki.

Har yau kina ciki. Idan yaro ya ɗora ɗan tsako, sai ki ce, "Ɗaya." Ya ƙara wani, ki ce, "Biyu." Idan sun cika goma, sai a ɗora kaza a tsakiya. A nan ne kike cewa, "Ku taho, 'ya'yana. Ga ni nan."

Ranar Litinin da aka tashi daga makaranta, 'yarki ta jefa kazar a aljihunta. Babu wanda ya gani.

A gida ta ɗora ta a kan faranti. Shiru. Ta manna ta a gilashin taga. Shiru. Ta shiga ɗakin Kaka ta ɗora ta a kan madubi.

Kaka ta jiyo ƙwas-ƙwas daga tsakar gida. Ta ce, "Ƙawata, kada ki fasa min madubi! A ina kike so in riƙa ganin kyauna?"

Ta ce, "Wasa nake yi, Kaka." Ta mayar da kazar aljihu.

Washegari yara suka kewaye tebur. Suka jera 'yan tsaki har goma. Aka nemi kaza, babu kaza. Hotunan 'yan tsakin da ke haskawa a cikin gilashi suka yi ta zagaye suna kuka. Wasa ya ƙi ƙarewa.

Malama ta ce, "Wa ya tattara kaya jiya?"

Wani yaro ne da suke kira Mai Giɓi, don haƙoransa biyu na gaba sun fita. Ya ce, "Ni ne, Malama. Wallahi na sa ta a kwando."

Malama ta ce, "Ba za ka sake taɓa tebur ba sai kaza ta fito."

Ya koma gefe yana share hawaye da riga. 'Yarki tana kallonsa. Hannunta yana cikin aljihu.

Ranar ko abincin rana ba ta ci ba. Washegari ma haka. Da na dawo daga gareji da la'asar, sai ta biyo ni ɗaki.

"Kawu, ara min wayarka."

Na miƙa mata. Ta fito da jar kaza ta ɗora a kan gilashin wayar. Ta kasa kunne. Ta ɗaga, ta sake ɗorawa.

"Kawu, Mama ta ƙi magana. Fushi take yi da ni?"



Na ce, "Ba fushi take yi ba. Kazar nan ta waye?"

"Ta ajinmu ce." Sai kuka. "An hana Mai Giɓi wasa saboda ni."

Na ce, "To me za mu yi?"

Ta ja hanci. "In mayar. Amma ka raka ni."

Da safe na riƙe hannunta har ƙofar aji. Nan na tsaya. Ita kaɗai ta taka zuwa gaban Malama. Ta faɗi gaskiya duka.

Malama ta durƙusa. Ta juya kazar, ta nuna mata wasu baƙaƙen ɗige-ɗige a ƙarƙashi.

Ta ce, "Kin ga waɗannan? Tebur yana da ido a ciki. Idan ya gan su, sai ya saki muryar. Muryar Mamanki a cikin tebur take, 'yata. Kaza kira kawai take yi."

Daga nan Malama ta kira Mai Giɓi. Ta ce, "Ni ma na yi maka hukunci ban bincika ba. Ka yi haƙuri."

'Yarki ta ce, "Ni ma ka yafe min."

Ya tura baki. "Kwana biyu fa ban taɓa tebur ba!"

'Yarki ta ce, "Na bar maka layina na yau da na gobe."

Ya washe baki, sai ga giɓi a waje. Aji ya kwashe da dariya.

Suka jera 'yan tsaki. Kika ƙirga tare da su har goma. Mai Giɓi ya ɗauki kaza, ya dubi 'yarki, ya ce, "Zo ki kama wutsiyar." Su biyu suka ɗora ta.

"Ku taho, 'ya'yana. Ga ni nan."

'Yan tsaki suka ruga ƙarƙashin fiffike. Yara suka tafa. 'Yarki ta fi kowa tafi.

Malama ta ce, "Kun ji darasin yau. Kada ku ɗauke abin da yake na kowa. Kuma idan aka ɗora wa wani laifinku, ku faɗi gaskiya da wuri."

A hanyar gida 'yarki ta ce, "Kawu, ashe Mama duk ajinmu take kira."

Na ce, "Haka take. Ba ta da rowa."

Yanzu tana cin abinci, tana tsokanar Kaka. Ta iya ƙirge har ashirin.

Saura abu ɗaya, Yaya. Idan na je ɗaukarta, Malama takan fita da yara wanke hannu. Aji ya zama babu kowa. Sai in goge baƙin mai a jikin wandona, in jera 'yan tsakin nan goma, in ɗora kaza. Sau uku ke nan ina yi. Kullum ina mayar da ita kwando.

Wannan kam ban gaya wa kowa ba tukuna.