Kwanon Dambu a Bakin Teku

Akwai wata yarinya a Aubervilliers, a ƙasar Faransa. Da aka ba da hutun lakwal, wato makaranta, ƴan ajinsu suka yi ta tafiye-tafiye. Ita kuwa tana gida, don hannun mamanta bai da nauyi.

Sai ƙungiyar matan unguwa ta ɗauki mota babba zuwa wani ƙaramin gari na bakin teku a Normandi. Mama ta tashi tun asuba, ta yi dambun zogale, ta soya kaza.

"Wannan shi ne abincinmu na yini," in ji Mama. "Restoran ba tamu ba ce. Amma kallon teku kyauta ne."

A cikin mota, shugabar tafiyar, Madam Suzanne, ta yi gargaɗi cewa ruwan teku yakan janye ya dawo a yini guda. Yarinyar ba ta ji ba, tana can tana leƙen taga.

Da suka sauka, sai ta hango Christine, ƴar ajinsu, tana cin firit, wato soyayyen dankali, a restoran da iyayenta. Ta dubi kwanon Mama ɗaure cikin tsohon zane. Kunya ta kama ta.

"Mama, kawo in ajiye a inuwa."

"Allah ya yi miki albarka. Kar ki yi nisa, kin ji?"

Ruwan ya ja da baya sosai, sai rairayi shimfiɗe. Ta yi ta tafiya har wani dutse, ta ɓoye kwanon a bayansa. A ranta ta ce, nan za mu ci, ba mai ganinmu. Ai Mama ta sha faɗi, gulbin Maraɗi in ya janye, sai wata damina.

Suka sha yawo. Ita da ƙanenta Hudu suka tsinci ɓawon katantanwa. Suka gina gidan rairayi har da rumbu. Suka je kallon masunta suna sauke kifi. Mama tana biye, tana ta cewa, "Hudu, sauko daga nan! Riƙe hannun yayarka!"

Bayan azahar Hudu ya ce yunwa.

"Ina kwanon?" in ji Mama.

Yarinyar ta juya. Babu rairayin nan. Ruwa ya dawo, kan dutsen kaɗai ake gani. Ta zabura za ta shiga. Mama ta cafke hannunta.

"Ke! Ina za ki? Dambu ya fi ranki ne?"

Hudu ya fashe da kuka. Mama ta dubi yarinyar.

"Me ya kai ki can, ga inuwa nan kusa?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Ban so Christine ta gan mu muna cin dambu da hannu ba."

Mama ta saki hannun yarinyar. Can ta ce, "To. Ashe abincina ne abin kunya."

Wannan maganar ta fi duka zafi. Yarinyar ta yi ta hawaye, tana cewa, "Ki yi haƙuri, Mama."

Maƙwabciyarsu Tanti Raliatou ta ji komai. Ta buɗe nata kwanon a kan tabarma.

"Ku matso. Yau kifayen Faransa sun ci dambun Maraɗi. Gobe za su zo neman yaji!"

Har Mama sai da ta yi dariya. Suka zauna a tsakiyar jama'a, suka ci da hannu. Yarinyar ta saci kallon mutane. Ba wanda ya damu da su. Kowa da ƙunshinsa, wani burodi, wani dafaffen ƙwai.

A hanyar komawa ta kwantar da kai a kafaɗar Mama.

"Ran Lahadi ki koya mini dambu. Ni zan kai wa Tanti."

"Sai kin tashi da wuri fa."

"Zan tashi."

Yara, kar ku ji kunyar abin da iyayenku suka iya yi muku. Kuma in kun je baƙon wuri, ku saurari gargaɗin manya.