Mutumin da ke Cikin Talabijin ɗin Gwamma

Zayyad yana kan tsani yana ɗaure wayar eriyarsa a jikin gora, sai ya ji sallama daga ƙasa.

"Malam, kai ne mutumin da ke shiga talabijin ɗin kakata?"

Ya leƙo. Budurwa ce da hijabi ruwan toka, ta haɗe rai amma dariya na neman ƙwace mata. Saura ƙiris filaya ta suɓuce daga hannunsa.

Shi ɗan Madadi ne, koyarwa ta kawo shi Gwarzo, ya kama haya katanga ɗaya da gidan Alhaji Mudi mai hatsi. Ba ruwansa da ƙwallo ko zaman majalisa. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne rediyon magana, irin wanda masu sha'awa ke yankar lasisi su riƙa gaisawa da takwarorinsu na wasu ƙasashe.

"Sunana Mubina, 'yar Alhaji Mudi," ta ce. "Kullum bayan la'asar, da kakata Gwamma ta kunna fim sai hoto ya hau rawa, a ji wani yana halo halo kamar mai mura. Har ta fara tofa wa akwatin addu'a."

"Ki ba ta haƙuri. Ki ce mata aljanin ya tuba."

Aljani dai bai tuba ba, don neman gyaran ne ya zama dalilin karɓar lamba. Yana kunna rediyo sai ya tura saƙo: "Yanzu fa?" Ta amsa: "Kana nan daram, Malam Halo." Tun ana zancen waya har aka daina.

Wata rana ya rubuta mata: "Tashata, na zaga duniya da wannan rediyo, ashe wadda nake nema tana bayan katanga."

"Ka rage zaƙin baki. Gwamma ta ce ita ta fara jin muryarka, don haka mijinta ne kai."

Ana cikin haka Lukuman ya samu labari. Ɗan Gammo ne ta wajen Kabo, shi ya kafa wa gidan dish, kuma ya daɗe yana zuwa duba siginal ɗin da lafiyarsa ƙalau don kawai ya ga Mubina. Ya samu Alhaji a soro, ya rage murya.

"Alhaji, ƙofar da aka shigo ta ita ake fita. In muryarsa na shigowa gidanka, ai ta iyalinka ma tana zuwa masa."

Maganar ta zauna wa Alhaji daram. Mutum ne da ko tagar gidansa bai yarda ta kalli titi ba. Ranar da kawun Zayyad ya zo neman izini, ko tabarma bai bari an shimfiɗa ba.

"Ba zan ba da 'yata ga mai sauraren sirrin gidana ba. Magana ta ƙare."

Mubina ta yi kuka har idonta ya kumbura. Abin da ya fi ci mata rai, ita ma shakka ta ɗan taɓa ta. Ta rubuta masa: "Don Allah ka faɗa min gaskiya. Kana jin mu?"

"Wallahi ko tarin Gwamma ban taɓa ji ba. Zan sauke eriyar in Baba ya ce, amma in na sauke ta yanzu, har abada a matsayin ɗan leƙen asiri zai riƙa kallona. Ki roƙa min shi ya zo ɗakina sau ɗaya."

Ba Mubina ce ta iya ba, Gwamma ce. Ta aika aka kira ɗanta, ta ce, "Mudi, ko ɓarawo ana jin ta bakinsa. Tashi ka je."

Alhaji ya shigo ɗakin Zayyad yana hura hanci. Zayyad ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa abin magana.

"Baba, ka danna nan ka yi magana. Sannan ka saki, ka saurara."

Alhaji ya danna. "Salamu alaikum. Inna, kina ji na?"

Ya saki, ya kasa kunne. Babu komai sai shuuu. Ya sake, ya ƙara kasa kunne. Shiru. Can sai ga muryar Gwamma, ba ta cikin rediyo ba, ta saman katanga: "Mudi! Tun ɗazu nake amsa maka har maƙogwarona ya bushe! Kurma ka zama?"

Alhaji ya dubi rediyo, ya dubi katanga. Dariyar da yake dannewa ta ƙwace.

"To ta ina kake shiga?"

"In ka yi min izini, Baba, mu nemo tare."

Aka yi wa mata magana suka kintsa. Aka zare wayar dish daga bayan talabijin ɗin Gwamma, Zayyad ya koma ya yi magana, Mubina ta turo: "Shiru!" Aka mayar, murya ta dawo. Ashe ta waya ɓarnar ke bi. Suka bi ta tun daga dikodar falo, suka fito tsakar gida, sai ga ta ta ratsa sama zuwa ɗakin Gwamma, an shanya mata zannuwa jiƙaƙƙu har ta lanƙwasa. Robar jikin wayar duk ta tsattsage, mahaɗin da Lukuman ya murɗe da hannu ya naɗe da leda ya yi tsatsa.

"Igiya ce mai ƙwari," in ji Gwamma, ko a jikinta. "A bar ta tana shan rana a banza?"

"Ni ma da laifina, Baba," Zayyad ya ce. "Eriyata ta matso katangarku da yawa."

Ya sa sabuwar waya ta bi jikin bango, ya ɗaura mata ƙaramin matacin da ke tare kutse, ya mayar da gorarsa can ƙarshen fili. Ya kuma ɗaura wa Gwamma igiyar shanya ta gaske. Da aka gwada, hoto ya tsaya cak.

Saƙon Mubina ya shigo: "Baba ya ce kawunka ya dawo. Wai a zo da tabarma babba."

Zayyad ya karanta, ya zauna a ƙasa, ya yi ta maimaita Alhamdulillahi.

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure, har Lukuman ya zo ya ci alawa, ya yi musu fatan alheri. Da za a kai amarya, Gwamma ta riƙe hannun jikarta, ta harari ango.

"Kai, tun da ka gyara akwatin nan ɗakina ya yi shiru. Ka raba ni da muryar mijina, yanzu kuma za ka raba ni da Mubina."

"Katanga ɗaya ce, uwargida. Kullum bayan la'asar zan zo in yi miki halo da bakina."

"Ta ƙofa dai," in ji Alhaji daga soro. "Yanzu kana da izini."

Gwamma ta haɗa hannayensu, idonta ya ciko. "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya tsare gidanku daga kutsen kowa."

Gida ya ɗauka da amin.