Metal Ɗin da Ya Ƙi Samuwa

Ranar da ya fara shigowa shagon kayan mota na babanta, Auta ta zaci wani abin daraja ya ƙunso a hankici, don yadda ya lallaɓa ya ajiye a kan kantar shagon. Da ya kwance sai ga ƙarafa biyu masu lanƙwasa, duk sun cinye.

"Metal nake nema, ƙanwata. Wanda kiranshaf, sandar nan ta cikin inji, ke juyawa a kansa."

"Na san metal, malam. A cikinsa na girma."

Ya yi dariya ya ba ta haƙuri. Makanike ne, dogo, mai magana a natse. Ya ce injin tsohuwar motar wata malama ya sauke, motar da marigayi mijinta ya bar mata. An goge kiranshaf ɗin har sau biyu, ya rame, sai metal mai kauri, saiz na biyu, ga shi kamfanin ya daɗe da daina yin irinsa.

Auta ta duba kwamfuta, ta hau tsani ta birkice kwalaye, babu. Ita kuwa duk duniya ba abin da ta tsana kamar ta ce wa mai saye babu. Ta karɓi lambarsa, wai saboda metal. Metal dai bai samu ba, amma tun daga ranar wayarta ba ta huta ba. Ita tana kiransa Sarkin Awo, don komai sai ya auna, shi kuma yana ce mata Injiniyata.

"Sarkin Awo, yau dila bakwai na kira. Ɗaya ya ce in sayi doki in huta."

"Injiniyata, sannu da fama. Ni ma na zaga 'yan gwangwan uku. Ban samo komai ba sai kewarki."

Wata biyu ana haka, ya turo yayan mahaifinsa neman aurenta. Baba ya karɓi baƙo da mutunci, amma da ya shigo gida ya ce a'a.

"Auta, shekara arba'in ina bayan kantar nan. Makanike ba ya cewa bai samu ba. Abin da ya samu zai cusa, inji ya tashi yau, gobe ya mutu a hannun mai shi. Wanda ya saba da cushe a aiki, a aure ma cushe zai yi."

"Baba, ba ka san shi ba."

"Na san irinsa."

Ta san inda zuciyar Baba ta karkata. Akwai ɗan mai kwantena, wanda ubansa ke shigo musu da kaya, kullum yana shagon yana kaɗa makulli, turarensa na riga shi sallama. Shi ne ya ji zancen metal ya ce ai wannan ƙaramin alhaki ne. Cikin kwana uku ya dire kwali sabo fil, an buga saiz na biyu a jikinsa.

Auta ba ta damu da hannun da ya kawo ba. Ta ɗauka da murna ta nufi gareji, tana ganin in inji ya tashi, bakin Baba zai mutu.

Makaniken ya wanke hannu, ya buɗe kwalin, ya ɗauko ma'auninsa. Ya auna, ya sake aunawa, sannan ya mayar ya rufe.

"Ba zan sa ba, Injiniyata. Bai kai kaurin ba."

"Ga rubutu a jiki!"

"Rubutu daban, ƙarfe daban."

"Ko dai don ka ji wanda ya kawo ne? Kishi zai sa ka jefar da mu?"

Ta fizgi kwalin ta fice, ranta a ɓace, don ta ji zafin abin har ƙasan zuciya. Kafin ta isa shago saƙonsa ya shigo.

"In na sa, inji zai tashi, kowa zai tafa. Bayan wata uku ya buga a hanya da tsohuwa a ciki. Ina son ki fiye da yadda kike zato, amma ba da wannan zan same ki ba. Ki auna da kanki."

Kwana biyu ba ta amsa ba, kwalin na zaune a kan kantar shago tana harararsa. A rana ta uku ta janyo ma'aunin shago da niyyar ta kunyata shi. Ta auna, ta sake aunawa. Saiz na fari ne aka sauya wa kwali.

"Me kike aunawa haka kamar mai sayen zinari?" in ji Baba daga kujerarsa.

Ta ba shi labari kaf, har da nata laifin. Baba ya sa tabarau ya auna da kansa, ya ajiye ma'aunin.

"Ya san in ya sa zai iya samun ki?"

"Ya sani."

"Kuma ya ƙi?"

"Ya ƙi, Baba."

"Kira min shi. Ɗan mai kwantena kuma ki mayar masa da kayansa, ki ce ina gaida babansa."

Makaniken ya zo da kayan aiki a jikinsa, ya durƙusa. Baba ya sa shi ya karanto lambar injin, ya lumshe ido yana gyaɗa kai.

"Ku yaran zamani, abin da kwamfuta ba ta faɗa ba, babu shi ke nan. Kamfanin nan da ya daina motar, ya ci gaba da zuba wannan injin a famfon ban-ruwa. Ciki ɗaya ne. Ka je wajen masu kayan noma ka ce metal ɗin famfo, saiz na biyu. Ban taɓa gaya wa makanike wannan ba, don ban ga wanda ya cancanta ba."

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

"In ka gama, ka ce wa yayan mahaifinka ya dawo. Rannan shayinsa ya huce bai sha ba."

Auta ta ruga bayan kwalaye ta rufe fuska, sai dai hannunta na kan waya.

"Sarkin Awo, ka yafe min."

"Na yafe tun kafin ki kai bakin titi."

Washegari ya samo metal ɗin a shago na biyu, ya auna ya zauna daram. Ranar da inji ya tashi, malamar ta zauna a mazaunin direba ta dafa sitiyari tana hawaye, ta ce wannan ce muryar da take ji a ƙofar gida shekara talatin. Ita ce kuma ta rantse ba motar da za ta ɗauki amarya sai tata.

Haka aka yi bayan wata huɗu. Kafin motar ta tashi, Baba ya leƙo ta taga, idonsa ya ciko, ya kama hannun angon.

"Ɗana, ga Auta nan. Ba ni da wata a ajiye, kuma ba a yin irinta. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Jama'a suka amsa da amin. Auta ta amsa tata a hankali cikin mayafi, tsohuwa ta ba mota wuta.