Tashar da Ba ta Mota Ba

Da Hayatu ya san saƙon da ya rubuta ranar Lahadi zai kai idon Malam Falalu, da ya canza kalma ɗaya a ciki. Kalmar nan ta kusa raba shi da Husna.

Wata Talata suka fara haɗuwa, a shagon cajin waya na bakin kasuwar Mafara. Hayatu malamin lissafi ne a Kaya, ya shigo gari sayen iri. Yana jiran wayarsa, idonsa ya faɗa kan ta budurwar da ke gefensa, ya ga taurari da jiragen sararin samaniya. Wasan nan ne na intanet da yake yi, inda dubban mutane ke haƙo ma'adinai a duniyoyi, su ƙera jirage, su yi yaƙi ƙungiya-ƙungiya. A saman allon ya karanta sunan shugaban ƙungiyarsu: Gamzaki.

"Ke ce Gamzaki?" ya tambaya. "Wallahi na ɗauka wani tsohon soja ne mai gemu."

Ta dube shi ta gefen mayafi. "Kai wane ne a cikinsu?"

"Ɗan Kaya."

"Au, mai ɓata hanya! Sau uku ina aika jirgi ya nemo ka."

Dariyar da suka yi ita ce mafari. Daga nan saƙonni suka wuce maganar ma'adinai. "Gamzakina, kin ci abinci?" zai rubuta. Ita kuma: "Na ci, Ɓataccena. Ka gyara injinka."

Bayan wata shida kawun Hayatu ya zo neman izini. Malam Falalu, mahaifin Husna, tela mai yawan tunani a kan 'ya'yansa, ya ce a dakata. Daga baya ya ce wa matarsa Marka, "Ni ban ba da ɗiyata ga wanda aka tsinto cikin waya."

Husna ta durƙusa gabansa. "Baba, ba zan saɓa maka ba. Amma ba zan ce ina son wani ba, don ƙarya ce. Zan jira."

A layinsu akwai Nazir, wanda ta ƙi tun bara, kuma shi ma yana ƙungiyar. A cikin wasan, abokan gaba sun kewaye tauraronsu, aka shirya kwashe jirage zuwa wani yanki. Hayatu ya yi kuskuren tura saƙonsa a zauren hirar ƙungiya, inda kowa ke gani. Nazir ya ɗauki hotonsa, ya kai shagon ɗinki.

Malam Falalu ya sa tabarau ya karanta: "Gamzakina, Talata bayan la'asar za mu tashi. Ki kwashe komai naki, kada ki bar ko allura. Zan jira ki a tasha, mu wuce kafin su farga."

Ya cire tabarau ya tashi daga kan keken ɗinki. Ranar Talata ya nuna wa Husna saƙon, ya karɓe wayarta ya jefa aljihu.

"Baba, ba waccan tashar ba ce, ta cikin wasa ce!"

"Tasha guda na sani garin ga. Marka, kada ta leƙa ko zaure."

Tun azahar ya tafi tashar mota ya zauna kan benci kusa da motocin Maradun.

Marka ta dubi ɗiyarta, ta miƙa mata ƙaramar wayarta. Husna ta rubuta wa Hayatu: "Baba yana tashar mota yana jiranka, ya ɗauka guduwa za mu yi. Ba ni da waya. In ka taho, babu mai jan jirage. Zaɓi naka ne."

Hayatu ya duba allonsa. Jirage arba'in sun jeru, aikin shekara biyu. Ya rubuta wa ƙungiya, "Ku yafe mini, kowa ya ceci kansa." Ya sa jirgin kayan Husna, wanda ta ba shi amanarsa, ya tafi da kansa ba matuƙi. Sannan ya hau babur.

Ana fitowa sallar la'asar ya iso, ya cire takalmi ya durƙusa gaban bencin.

"Baba, ina wuni? Ni ne Hayatu."

"Lafiya lau. Wace mota ka kama muku?"

"Babu mota, Baba. Jirgi ne."

"Jirgi? A Mafara?"

Hayatu ya miƙa wayar da hannu biyu. "Ga tashar da nake nufi." A kan allon wuta na tashi, jirage na fashewa ɗaya bayan ɗaya.

"Waɗanga na wa ne?"

"Namu ne. Husna ce ta tsara ƙera su, shekara biyu."

"Kuma ka bar su suna ƙonewa ka taho nan?"

"Na ji an ce kana zaune cikin rana saboda ni. Ban iya barinka da wannan zato ba, Baba. Ta ƙofar gidanka nake son ɗaukarta, ko shekara nawa za ka ce in jira."

Malam Falalu ya ƙura wa allon ido. Wani babban jirgi ya rabe biyu, sai ya zabura. "Kai, danna wani abu mana, za su ƙare!"

"Yanzu ya fi ƙarfina, sai mai ba da umarni, kuma wayarta na aljihunka."

Tsohon ya miƙe ya kaɗe riga. "Tada babur ɗin nan."

Kafin su kai gida jirage bakwai suka rage. Husna ta karɓi wayarta ta tsallakar da su, mahaifinta na tsaye a kanta yana cewa, "Bi hagu, ɗiyata, hagu!" Da aka nemi Nazir a ƙungiya, an tarar ya fice da kansa.

Malam Falalu bai fasa bincikensa ba. Ya je Kaya sau biyu, ya tambayi liman da maƙwabta. Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure, kuma shi ya ɗinka rigar ango da hannunsa. Da za a tafi da amarya ya dafa kanta ya ce, "Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zaman lafiya ƙasa da sama."

Jirgin kayan Husna kuwa, an ga fitarsa daga tasha, ba a ga isarsa ba. Duk Juma'a in Malam Falalu ya kira su, bayan gaisuwa sai ya tambaya ko an gan shi. Har yau babu wanda ya san inda yake.