Ruwan Zafi a Bakin Juji

Rana ta yi ja lokacin da Sama'ilu ya sauko daga motar Ɗambatta, da sabuwar robar famfo a aljihu, yana tafe yana tsaki. Ba wannan ce roba ta farko da ya sayo wa injin jirgin ruwansa ba, har mai shagon ya fara tambayarsa ko miya yake yi da su.

Gonar wakensu tana hayin dam. Bana ruwa ya cika ya yi ambaliya, ya shanye hanyar da amalanke ke bi, ga wake ya nuna har kwanso ya fara fashewa. Abincin gidan na shekara ke nan. Wansa Sabo ya ce a nemi jakuna a zagaya ta can nesa, ko kwana nawa za a yi ana jido. Sama'ilu ya bugi ƙirji ya ce a bar masa. Ai shi makanikin injin ban-ruwa ne, kuma ya samo wani tsohon jirgin ruwa mai gudu da aka yar a bayan gidan gonar wani Alhaji, kaji suna ƙwai a cikinsa.

A gaskiya ya yi aiki. Ya kankare jikin jirgin, ya liƙe tsagar cikinsa da ƙyalle da gam, ya shafa masa shuɗin fenti, ya ɗora shi a kan tsofaffin tayoyi a bayan gida, daf da juji. Injin ma ya wanke masa kabureta, ya canja fulogi, ya sa sabuwar igiyar ja. Sannan ya ɗaure shi a gindin jirgin, ya tsoma ƙafarsa cikin duro cike da ruwa, domin irin wannan inji ba a tayar da shi a bushe. Ruwa yake zuƙa ya sanyaya cikinsa, ya feso shi da zafi ta wani ɗan rami a gefe. Makanikai suna kiran wannan fitsarin inji.

To, injin Sama'ilu ya ƙi fitsari. Ja ɗaya zai tashi, ya yi ta ruri, amma ko ɗigo. Sai ya ɗau zafi, dole a kashe shi. In ya duba ramin sai ya tarar an toshe shi da laka. Ya zira wayar ƙarfe ya sakace, ya juya ya ɗauko sifana, kafin ya juyo an mayar.

"Zanzaro ne," in ji shi. "Wallahi in na kama shi sai na murtsuke shi."

Mahaifiyarsu Inna Kaltumi tana tsaye a bakin danga da buta lokacin da ya tsuguna yana sa sabuwar robar.

"Sama'ilu, magariba ta kawo jiki. Ka bar shi sai da safe."

"Inna, wake fa yana zuba a ƙasa."

"To ka janye duron nan daga bakin juji. Ruwan zafi kake son watsawa a wurin, kuma ban taɓa jin ka yi bisimilla ba. Wurin akwai masu shi."

"Inna, ruwan ma ai ya ƙi fitowa. In ya fito ma yi maganar."

Ta dube shi, ta dubi jujin, ta shige gida. Shi kuwa haushi ya riga ya rufe masa ido. Da safen nan Sabo ya wuce shi da igiyar jaki a kafaɗa, ya tambaye shi ko direban jirgi zai ba su lokacin tashi. Maganar tana nan tana cin sa.

Ya ɗaure ƙafar injin, ya haska ramin da fitilar wayarsa. Laka ce, ɗanya, an dannata an shafe bakin sumul. A tsakiya akwai shatin yatsa. Doguwa, siririya, da layin farce.

Ya ce a ransa, yaran unguwa ne.

Ya sakace lakar. Wannan karon bai cire wayar ƙarfen ba, ya bar ta a ciki, ya riƙe da hannun hagu. Ya hau cikin jirgin, ya finciki igiyar da dama.

Injin ya tashi. Hayaƙin fetur da baƙin mai ya tokare masa hanci. Can cikin gari ladan ya fara kiran salla.

Sai ya ji ana tura wayar. Daga waje. A hankali, kamar mai lallashi.

"Yau dai sai ka yi," in ji Sama'ilu, haƙora a cije. Ya murɗa mai har ƙarshe, ya bar injin ya yi zafi, ƙarfen yana ƙauri. Sannan ya zare wayar.

Ruwa ya fashe da tururi. Ya tafi a miƙe, ya sauka a tsakiyar juji.

Aka tsala ihu.

Ihun jariri ne. Ba daga cikin gida ba, daga ƙarƙashin tokar jujin. Wani ya ƙara kamawa, sannan wani.

Ladan yana tsakiyar kira, amma Sama'ilu ya daina jin sa. Kwaɗi sun yi tsit. Ya danna makashin injin. Bai mutu ba. Ya fizge tiyon mai ya yar. Bai mutu ba.

Warin gashi mai ƙonewa ya taso.

"Sau nawa zan toshe?"

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, daf da kunnensa na hagu. Numfashinta sanyi kamar cikin randa.

Bai waiwaya ba. Ya nemi addu'a a bakinsa, harshen ya yi masa nauyi.

"Da yatsana. Kullum. Ina ƙonewa, ina toshewa. A nan suke kwana."

"Ban... ban sani ba."

"An faɗa maka."

Wani abu ya daki ƙasan jirgin. Ya karkata, ya dawo daidai. Sama'ilu ya leƙa. Babu tayoyin. Babu duron. Baƙin ruwa ne yake lasar gefen jirgin, yana tururi, ya rufe kututturen gero, ya kai rabin danga.

Giyar injin ta shiga da kanta. Ƙas.

Jirgin ya ɗaga kai ya tafi.

Ya ga rumbunsu ya wuce. Ya ga saman dalbejiya ya wuce ta gefensa. Iska tana dukan fuskarsa, zafi kamar bakin murhu. Ya kai hannu zai kama sandar tuƙi, ya tarar da wani hannu a kai. Dogo. Yatsa ɗaya ya saɓule har ƙashi.

"Ina abin da kake wa wannan gaggawar?" ta ce. "Zauna. Mu je mu gani."

Nan bakinsa ya buɗe. Ya kwarma a'uziyya, ya rufe ido, ya faɗa ruwan.

Ƙasa ya daka. Busasshiya, da ƙaya. Yana kwance a gonar maƙwabta, bayan gari, ƙafafunsa tun daga gwiwa suna raɗaɗi. Ƙarar injin tana nisa, tana nisa, ta nufi dam. Ladan ya ƙarasa kiran da ya fara.

Da rarrafe ya isa gida. Inna Kaltumi ta yi ta tofa masa addu'a tana shafa masa ruwan sanyi, fatar ƙaurinsa duk ta tashi. A bayan gida tayoyin suna nan, duron yana nan cike, babu jirgi.

Washegari Sabo ya ɗora shi a jaki suka zagaya ta doguwar hanya. Tun kafin su hango gonar suka jiwo ƙamshi, irin na tukunyar da aka sauke. Jirgin yana zaune a tsakiyar kunyoyi, nesa da bakin ruwa, babu sawun ja ko na taya. Gonakin da ke gefe kore shar, ko ganye bai taɓu ba. Tasu kuwa daga kan iyaka zuwa kan iyaka ta kwanta, ganyen ya yi laushi, ƙasa tana fitar da tururi.

Sabo ya tsuguna ya ɓare kwanso ɗaya. Waken ya narke a yatsunsa. Ya matsa gaba ya ɓare wani, ya je can ƙarshe ya ɓare wani. Duk sun dahu.

Jirgin har yau yana can, ba mai zuwa kusa da shi, masu noman wajen suna kewaye shi da garma. Sama'ilu ya warke, amma da la'asar ta yi yake tattara sifanunsa, ko injin wa ya mutu. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, a gonar nan ya so Sabo ya zage shi ko ya mare shi, ya huta. Sabo bai yi ba. Ya goge hannunsa a riga, ya kama igiyar jaki, ya ce ba tare da ya dube shi ba:

"Ko na iri ba su bar mana ba."